Saniyar da Muka Ɗauka a Kafaɗa

Ni sana'ata ɗaukar mutane. Duk wanda tsufa ko ciwo ya hana shi zagaya Ka'aba da ƙafarsa, sai mu ɗora shi a shibriya, wato gadon katako mai sanduna, mu huɗu mu saɓa mu yi ɗawafi da shi. Sunana Awwalu. A Makka aka haife ni, kakana ne ya zo daga Kano, kuma har na yi gemu ban taɓa ganin an tatsi saniya ba. Shanun da na sani su ne waɗanda jirgin ruwa ke saukewa a Jidda daga Sudan gab da aikin hajji, a koro su Mina, bayan kwana kaɗan su zama nama.

Shi ya sa ranar da na ji ana hira a wajen mai shayi a unguwar Zahir cewa wani Basakkwace ya kafa garke a bayan Tan'im, na kasa zama. Garke, a ƙasar da ko'ina ka duba dutse ne? Me shanun za su ci? Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da son ganin ƙwaƙwaf, matata ma ta gaji da yi mini faɗa a kai. Washegari na ɗauki takalmina na nufi can.

A Tan'im akwai ginshiƙai farare da ke nuna iyakar Harami. Daga su zuwa cikin gari ƙasa ce mai alfarma, ba a farauta, ba a sare itace, ba a yankan ciyawar da ta tsiro da kanta. Kaɗan bayan ginshiƙan, ta waje, na tarar da shinge na ƙaya, da bukka ɗaya, da tsohuwar rijiya da aka sake yashewa. Shanu bakwai da bijimi ɗaya suna tsaye suna kora ƙuda. Wani dogon mutum siriri yana ba su ruwa, matarsa na durƙushe tana tatsa a ƙwarya. Na tsaya baki buɗe har na manta da sallama.

Shi ne Abdulƙadir, ita ce Shatu. Ba mai yawan magana ba ne, amma ni ba a gajiyar da ni da shiru. Na yi ta zuwa, yau tambaya ɗaya, jibi biyu, har na haɗa labarinsa. Da shanu arba'in ya baro ƙasar Sakkwato. Shekara bakwai suna tafe da ƙafa, wasu shanun suka mutu, wasu aka sayar aka ci, ta ƙarshe ya bar ta a bakin teku. Ya yi hajji, ya yi shekara uku yana ga-ruwa a unguwar Utaibiyya, amma ya ce kullum da asuba kunnensa sai ya nemi kukan maraƙi ya rasa. Sai ya riƙa zuwa wajen shanun jirgi yana zaɓen ramammun da mahauta suka raina, ya jinyace su.

Abin da ya fi ba ni mamaki sunayen shanun. Kowacce sunan wani gari ne da ya yada zango a hanya. Akwai Kukawa, akwai Abeshe, akwai Fashir. Wata ja mai farin goshi, wadda ya fi ji da ita, sunanta Sawakin, garin da ya shiga jirgin ruwa.

Na tambaye shi, ina kiransa baffa da Larabcinmu na Makka, "Ya ammi, me ya sa ba ka matsa ciki ba? Kowa kokawar zama cikin Harami yake, kai ka zo bakin ƙofa ka tsuguna."

Ya nuna mini laujen da ke rataye a bukka. "Makiyayi ba shi rabuwa da wanga. Nan waje ina yanka abin da nis so. Can ciki gonar Allah ta. In na zauna ciki, wata rana hannuna shina rigan hankalina."

Haka aka yi shekara biyu, Shatu na kai nono Zahir, mutane na rububi. Sai yaƙin Turawa ya yi tsanani. Jiragen ruwa suka yi wuya, alhazai suka ragu, mu masu shibriya muka koma zaman kashe wando a bakin masallaci. Ruwan sama kuma ya ɗauke. Masu awaki da raƙuma suka share duk wani kore da ke wajen iyaka, har laujen Abdulƙadir ya rasa abin yanka. Bijimin ya mutu. Wani bijimin kuwa babu inda za a samo, tunda jirgi ba ya zuwa. Abin da ya rage na irinsa shi ne cikin da ke jikin Sawakin, ita kaɗai ta ɗauka a shekarar. Idan ta haifi namiji, garke ya tsira. Idan ta mutu da cikin, sauran za su tsufa ne kawai su ƙare.

Ana cikin haka wani guntun hadari ya zubar da ruwa a kan duwatsun da ke cikin iyaka, ko ɗigo bai faɗa waje ba. Bayan mako biyu Abdulƙadir ya gano wani kwari tsakanin duwatsun, ciyawa ta tsiro shar. Kiwo ba laifi ba ne, don haka kullum da safe yakan kora shanun can. Shida suna zuwa. Sawakin kuwa ta riga ta kwanta, yunwa da nauyin ciki sun kayar da ita, ta kasa tashi. An ba ta dusa ta kau da kai.

Na iso ran nan na tarar da Shatu riƙe da lauje, idonta jawur.

"Dami ɗaya, Malam," take cewa. "Dami ɗaya tak. In kai ba ka iyawa, ni in tai. Allah bai ga halin da muke ciki ba?"

Ni ma na sa baki, don gaskiya bayanta nake. "Wallahi ya ammi, kwarin nan ko tsuntsu bai san da shi ba. Ka yanka, ka yi istigfari, halas, shi ke nan."

Ya karɓi laujen daga hannunta a hankali ya mayar da shi inda yake. "Shekara bakwai nit taka ƙasa don in zama maƙwabcin ɗakin Allah. Ban zo in yi mishi sata ba." Sai ya je ya zauna kusa da saniyar ya ɗora hannu a wuyanta. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Na koma gari na sami wani malaminmu da ke karantarwa a masallaci, ina fatan ya buɗe mana wata 'yar ƙofa. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "A karatun da muka gada, dabba ta sa baki ta ci, babu komai. Hannunka da laujenka ne aka hana." Na juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta canza ba.

Na fito ina ƙunƙuni. A bakin ƙofa na ga abokan aikina zaune jingine da shibriyoyinsu suna hamma. Na tsaya ina kallonsu. Mu fa aikinmu ke nan tun muna samari: wanda ya kasa zuwa da ƙafarsa, mu kai shi.

"Yalla, ya jama'a, akwai aiki," na ce musu. "Mutum takwas nake so."

Garba, babbanmu, ya ce, "Takwas? Wane irin alhaji ne wannan?"

"Hajiya ce. Tana da nauyi, kuma tana da ƙaho."

Sai da suka yi dariya ta ishe su, sannan son ganin abin ya taso su, don ba ni kaɗai ke da ciwon ba. Garba ya rantse shibriyarsa ba za ta ɗauki dabba ba, saboda haka muka cire ƙyauren bukkar Abdulƙadir, muka ɗaura shi a kan sandunan rijiya. Da hantsi muka mirgina Sawakin a kai, muka ɗaure ta da igiya, Shatu ta lulluɓe ta da zane saboda rana. Muka yi bisimilla muka saɓa.

Na ɗauki attajiran Masar masu tumbi, na ɗauki wani Baturke da sai da muka huta sau biyar, amma ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Wani Badawi, Balaraben daji, da ke tafe da raƙuminsa ya hango mu, ya sauka da sauri ya tsaya a gefen hanya yana salati, ya ɗauka gawa ce. Da muka zo daidai shi sai wutsiya ta leƙo daga zanen. Ya ja da baya ya ce, "Ish hada, ya Takruni?" Wato, mene ne wannan, ya mutumin ƙasar baƙar fata? Sai ya ja raƙuminsa ya biyo mu. Muna wuce ginshiƙan Hajiya ta saki fitsari, kuma ni ne a baya.

Muka sauke ta a tsakiyar ciyawa, muka kwance igiyar, muka ja gefe muna haki. Ba ta ci ba. Ta miƙe wuyanta a ƙasa, ido rabi a rufe, ciyawa na taɓa hancinta amma ko motsi. Shatu ta juya baya ta rufe fuska. Ni ban san lokacin da na sunkuya na kai hannu zan tsinko ba, sai na ji an damƙe wuyan hannuna.

"Bari, Awwalu."

Abdulƙadir ya durƙusa a gaban saniyar. Ya buɗe tafin hannunsa ya tanƙwaro ciyawar a hankali, tana nan a tsirenta, yana lura kada ko ɗaya ta karye, har kanta ya shiga tsakanin leɓɓan Sawakin. Yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Can sai harshen ya fito, ya naɗe ciyawar, ta fizga da kanta. Muka ji ƙarar tsinkewar. Garba ya yi kabbara da ƙarfi har raƙumin ya razana.

Kwana uku muna zuwa da safe muna jan ƙyauren gaba kaɗan zuwa sabuwar ciyawa, shi kuma yana durƙushe yana tanƙwaro mata har gwiwoyinsa suka sale. Ran na huɗu ta miƙe da kanta. Bai yarda ya mayar da ita garke ba, a kwarin ta zauna, a nan kuma ta haihu bayan kwana goma sha biyu. Namiji ne, ja mai farin goshi. Duk shanun da mutanen Zahir ke shan nononsu yau, sama da sittin, jikokinsa ne.

Ranar haihuwar na same shi yana goge maraƙin da tsumma. Tambaya ɗaya ke cina tun a hanya.

"Ya ammi, garuruwanka sun ƙare. Daga Sawakin sai teku. Wane suna za ka sa wa wannan?"

Ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙan da ke can bayanmu. Shekaru ke nan yana kwana a wajensu, yau ga ɗan garkensa an haifa a ciki, kuma laujensa na rataye a bukka bai taɓa ko kara ɗaya ba.

"Masauki," ya ce. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. "Awwalu, sai yau nij ji na iso."