Harsashin da Ya Rage a Maƙogwaro

Shekara sittin da ɗaya Opal Tackett ta yi a duniya ba ta taɓa riƙe bindiga ba, a jihar da ko fasto yana da tasa a mota. Mijinta Vernon ne mai wannan harkar, kuma da ya rasu aka sayar da dogayen bindigoginsa biyu tare da tarakta. Ta zauna a gidan katakonsu da ke ƙarshen hanyar burji a tsaunukan gabashin Oklahoma, daga ita sai kaji. Sai wata Talata da rana tsaka, tana shanya a bayan gida, wani ƙato da ba ta sani ba ya zo ya murɗa hannun ƙofar kicin, ya leƙa taga, ya koma motarsa ba ko gaggawa. Ta kira 'yan sanda. Minti arba'in da biyar suka yi kafin su iso, ba don lalaci ba, nisan ke nan. A ranar ta yanke shawarar sayen ƙaramar bindiga.

'Yarta Rhonda, wadda ke aikin jinya a birni, ba ta yi mata kwana-kwana ba a waya.

"Mama, ki saya in kina so. Amma ran Lahadi zan zo ni kaɗai in ga inda kika ajiye ta. In hankalina bai kwanta ba, Josie ta daina kwana a gidan nan. Na ga abin da harsashi ke yi wa yaro, ba labari aka ba ni ba."

Josie ce jikar Opal tilo, shekararta biyar, kuma duk Asabar ake kawo ta ta kwana. Tun rasuwar Vernon, Asabar ɗin nan ce kawai Opal ke jira a mako. Sauran kwanakin tura su take yi.

To, sai labari ya kai kunnen Delbert, yayanta. Allah ya yi bayi iri-iri, amma Delbert dabam ne. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana sayar da taya, bai taɓa yin soja ko na wuni ɗaya ba, amma kullum da hular sojoji a kansa da bindiga a ƙugu, tumbi ya sauko ya rufe rabin kubenta. Da ita yake zuwa coci, da ita ya je jana'izar Vernon, kamar gawar za ta tashi ta kai masa hari. Tun ranar jana'izar ya karɓi makullin gidan Opal ya rataya a cikin nasa, wai shi ne namijin gida yanzu. Aikin namijin gidan kuwa bai wuce cin soyayyar kaza duk Lahadi ba.

"Ke Auta, bindiga za ki saya ba ki tambaye ni ba? Haba! Shirya, ni zan kai ki. Kada su cuce ki."

Opal ta ce to. Tun tana ƙarama haka take ce masa.

Shagon na wata tsohuwar 'yar sanda ne mai suna Geneva, mai furfura da ƙarancin magana. Delbert ko gaisuwa bai gama ba ya buga yatsa a kan gilashi, ya nuna wata 'yar mitsitsiyar bindiga libarba mai marikin ruwan hoda.

"Ga ta mata nan. Ba nauyi, ba wahala. Ɗauko mata."

Geneva ta dube shi sama da ƙasa, ta juya ga Opal.

"Uwargida, duk mijin da ya shigo nan da matarsa wannan yake nunawa. Rashin nauyin nan shi ne masifarta. Ki harba sau ɗaya ta daki tafin hannunki, ki jefa ta a durowa, ba za ki sake koyo ba. Zo ki gwada da hannunki, hannun naki ne ai."

A filin gwaji na bayan shago Opal ta harba bindiga uku. Ƙaramar ta sa ta ƙwalla. Wadda ta zauna mata a hannu wata baƙa ce matsakaiciya, irin wadda ake zura wa gidan harsashi ta ƙasan mariƙi. Ita ta zaɓa. Ta cike takarda, aka duba sunanta, minti ashirin an gama. Ta kuma sayi akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi, nan Delbert ya saki dariya har da riƙe ciki.

"Akwati! Sai ki ce wa ɓarawo, dakata malam in tuno lamba. Ƙarƙashin matashi ake sa ta, yarinya, a ɗane. Shekara arba'in haka nake kwana."

"Shi ya sa matarka ta koma wajen 'yar'uwarta," in ji Geneva, ba ta ko ɗaga kai ba.

Delbert ya yi kamar bai ji ba, ya kama wani mai saye da labarin gursunun dajin da ya harbe, wanda duk shekara sai ya ƙara ƙiba. Yana can yana zuba, Geneva ta jawo Opal kusa.

"Abu ɗaya nake so ki tafi da shi. Kowace bindiga a cike take har sai ke kin duba. In za ki sauke ta, ki fara cire gidan harsashi. Ki fara, na ce. Sannan ki ja samanta baya, harsashin da ke maƙogwaronta ya faɗo. Ki leƙa da ido, ki zura ɗan yatsa. In kika juya abin, kika fara ja, harsashi zai faɗo ki ji daɗi, alhali wani ya riga ya haye gurbinsa. Sai ki cire gidan, ki rantse babu komai. Na ɗauki gawa biyu saboda wannan, duka ƙwararru ne a bakinsu."

Safiya uku a jere Opal ta koma wajen Geneva. Ta cire, ta ja, ta leƙa, ta zura yatsa, har hannunta ya riƙa yi ba tare da ta yi tunani ba. Ta sa kafinta ya ɗaure akwatin da kusoshi a saman kabad ɗin ɗakinta, inda ita kanta sai ta taka kujera.

Ran Lahadi bayan coci Rhonda ta iso fuska a murtuke. Ta girgiza akwatin, bai motsa ba. Ta sa uwar ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Opal ta juya bakin bindigar ƙasa, ta sauke ta a gabanta yadda aka koya mata, ta nuna mata ramin babu kowa. Sai kafaɗar Rhonda ta sauka.

"Lallai Mama, kin yi karatu."

Daɗi ya kama Opal har ta rasa inda za ta sa hannunta. Ta riga ta gyara gadon Josie tun da safe, ta shimfiɗa bargon da ta ɗinka mata da ƙyallayen rigunan Vernon. Suka zauna cin abinci har da Delbert, ga kaza, ga soyayyar kuɓewa, ga burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Rhonda har ta fara maganar ƙarfe nawa za ta kawo yarinyar ran Asabar.

Abin da Delbert ba ya iya haɗiyewa shi ne a yi maganar bindiga a gida ba a ce "Kawu me ka gani" ba. Ya goge maiƙon bakinsa da bayan hannu.

"Rhonda, kada ki biye wa koyarwar waccan matar. Bari ki ga yadda masu abin ke yi. Auta, ɗauko ta."

"Na riga na kulle, Yaya," Opal ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana juya cokali.

"To bar ta, ga tawa."

Ya ɗaga tumbi ya zaro. Abin takaici, shekara da shekaru wannan bindigar tana zama a teburin nan duk Lahadi, har da ranakun da Josie ke kan cinyarsa, babu wanda ya taɓa lissafa ta a matsayin bindiga a gida. Kowa ya ɗauke ta kamar hularsa.

"Kawu, mayar da ita don Allah," in ji Rhonda.

"Ke tsaya ki koya. Kin gani?"

Ya ja samanta baya da ƙarfi, harsashi ya yi tsalle ya faɗa cikin kuɓewa. Ya yi murmushi. Sannan ya danna, gidan harsashi ya zamo, ya dire shi kusa da tulun shayi.

Idon Opal na kan hannunsa. Ta gani sarai.

"Yaya, ka juya. Akwai na maƙogwaro."

"Iye? Kwana huɗu da riƙe bindiga za ki koya mini? Tun ba ki iya ɗaura takalmi ba nake harbi. Yi mini shiru."

Ta kuwa yi shiru. Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara shida, kuma wannan shirun har ta mutu ba za ta yafe wa kanta shi ba. Delbert ya miƙa hannu wajen bango, ya dubi Rhonda.

"Fanko ce. Saurari."

Ƙarar ta cika gidan. Kaji suka watse a waje. Kunnuwan Opal suka toshe, warin albarushi ya danne ƙamshin kaza. A jikin bangon katako, ƙasa kaɗan da hoton auren Opal, ga wani ɗan rami da bai fi kan yatsa ba. Bayan bangon nan ɗakin Josie ne.

Rhonda ce ta fara tashi. Opal ta bi ta. Harsashin ya huda bango, ya ratsa matashin kai, ya shige katifa. Auduga ta fito kaɗan. Rhonda ta zura yatsa a ramin, ta daɗe a tsaye.

"Nan Josie ke sa kanta," ta ce.

Daga wajen tebur muryar Delbert ta taso, tana karkarwa amma ba ta daina ba da shawara ba.

"Laifin masu ƙera ta ne! Na sha faɗa, irin wannan ƙirar ba ta da tabbas. Ai shi ya sa nake ce muku kullum a nuna bango, ba mutum ba. Kun ga amfanin ƙwarewa."

Opal ta koma ta same shi zaune, fuska ta yi fari, bindigar na lilo a hannunsa. Ta kama ta daga sama ta juya bakin ƙasa, ya sakar mata ba gardama. Ta ja, ta leƙa, ta zura yatsa. Ta tsamo harsashin daga cikin kuɓewa, ta kwashi gidan, ta hau kujera ta kulle duka a akwatinta. Kafin ta sauko Rhonda ta ɗauki jaka ta fita.

A bakin mota ta cim mata.

"Rhonda, tawa tana kulle! Kin gani da idonki!"

"Na gani, Mama. Ke kin yi komai daidai." Hawaye na zuba, amma muryar ba ta rawa. "Har kin san akwai harsashi a ciki. Ya ce ki yi shiru, kika yi. Yana da makullin gidan nan, yana shigowa duk sa'ad da ya ga dama, kuma ban taɓa jin kin ce masa a'a ba. Ba zan kawo ta ba."

Ta shiga mota ta tayar. Opal ta ce, "Ba ni minti biyu."

Ta tarar Delbert ya dawo hayyacinsa, har ya yanki burodin masara. Wallahi ya yanka.

"Yauwa Auta, faɗa mini lambar in ɗauki kayata. Kuma maganar nan ta tsaya a gida, kin ji? Mutane ba su da kirki."

"A'a."

Ya tsaya da tauna.

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Bindigarka gobe zan kai wa Geneva, ka je can ka karɓa, ka yi mata bayanin ƙwarewa. Ba ni makullina."

"Ke! Ni ne fa yayanki! Ni na riƙe hannunki na kai ki makaranta!"

"Ka kai ni, na gode. Makulli, Delbert."

Bai taɓa jin sunansa tsirara daga bakinta ba. Ya yi ta kokawa da zoben makullan, farcensa ya ƙi shiga, sai da ta karɓa ta zare da kanta. Ya fita yana ƙunƙuni, ya nufi akori-kurarsa, hannunsa na ta komawa ƙugu yana shafa kube babu kowa a ciki.

Motar Rhonda tana nan ba ta motsa ba. Opal ta miƙa hannu ta taga, ta sa mata makullin a tafi. Rhonda ta dube shi, ta dubi ƙurar motar kawunta da ke bin hanya.

"Ba wannan Asabar ba, Mama. Ba zan iya ba tukuna. Ta sama." Ta share ido. "Ki sa a toshe ramin, ki sayi sabon matashi."

Opal ta sa an toshe bangon, ta sayi sabon matashi. Tsohon kuwa ba ta yar ba. Ta ɗora shi a kan kujerar da Delbert ke zama, ramin yana kallon sama, kuma duk Lahadi a nan yake.