Motar Baba Ta Yi Shiru

Motar Baba ta girmi Auta da shekara biyu, kuma duk layin babu wanda bai san muryarta ba. Da ta shawo kwanar kantin magani za ka ji ta, tsat-tsat-tsat, kamar an fasa ƙwai a mai mai zafi. A haka Baba ya yi ta tuƙa abarsa shekara da shekaru. Da tsufa ya zaunar da shi, mantuwa ta shige shi, sai makullin ya faɗo hannun Auta, don asibitin da take aikin jinya ya fi wurin aikin kowa nisa.

Mantuwar Baba ba ta wasa ba ce. Yaya, babbar 'yarsa, ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, amma yau ya kira ta mai aiki, gobe ya tambaye ta 'yar gidan wane ce. Auta kuwa, duk yammar da ta zo, kafin ta kashe mota Baba ya dogara sanda ya iso bakin taga.

"Auta ce! A buɗe wa Auta ƙofa!"

Ita kuma bakin nan nata ba ya gajiya. Takan shigo tana rangaji, ta ce, "Yaya, sai haƙuri fa, kowa da matsayinsa. Ni ce ta gaban goshi."

"Ta gaban goshin da ba ta taɓa wanke masa zanen gado ba," in ji Yaya. Dariya suke yi, amma Auta ta san maganar tana sukar Yaya, kuma ba ta fasa ba.

Ana nan sai takardun motar suka ƙare. Masu duba lafiyar motoci suka zura na'urarsu a salansa, suka girgiza kai, suka ce hayaƙin ya yi yawa, ba takarda sai an gyara. Dama Auta ma ta gaji da warin da ke shigo mata ciki, kullum ta isa aiki da ciwon kai. Ta kai ta garejin wani dattijon makanike da ake kira Sarkin Noti.

Ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya miƙa yatsa can bayan injin. "Malama, leƙo ki gani. Kin ga siririn bututun nan? Shi ke ɗauko iska daga wannan famfon ya hura ta bakin salansa, don ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa. To tsatsa ta tsaga shi, hayaƙi ke fita ta nan. Tabɗi! Wa ya yi wannan aikin?"

An naɗe tsagar da gutsuren gwangwanin madara, an ɗaure da waya, an murɗe bakin wayar tsaf.

"Babana ne," in ji Auta.

"Allah Ya saka masa, yana da hannu. Amma ɗaurin nan ya fi shekara ashirin."

Ta zauna a kan benci tana kallo. Notin da ke riƙe da bututun ya ƙi motsi, sai dattijon ya jiƙa shi da mai, ya gasa shi da wutar walda har ya yi ja, sannan ya sa sifana yana lallashinsa yana zaginsa a lokaci guda. Da bututun ya fito, ya datse wayar, ya yar da gwangwanin a tulin shara, ya goge tsatsar da burushin ƙarfe. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya zura guntun sabon bututu a kan gaɓar, ya narka tagulla ta bi ta kewaye. Ya toshe baki ɗaya da yatsa ya hura ɗayan, ko ɗigon iska bai fita ba. Da ya mayar ya tayar da mota, Auta sai da ta dubi allurar agogon gaban mota kafin ta yarda injin na aiki. Wallahi daɗi ta ji har cikin ranta.

Washegari ta karɓo takardarta, ta wuce gidan Baba. Ta tsaya a ƙofa, ba kowa a taga. Ta shiga da sallama, ta same shi a kujerarsa, ta durƙusa. "Baba, ina wuni?"

Ya dube ta da ladabin da ake yi wa baƙi. "Lafiya lau, baiwar Allah. Wa kike nema?"

"Baba, ni ce fa. Auta."

Ya yi murmushi, ya girgiza kai. "Auta ba ta iso ba tukuna. In ta taho ai za a ji ta."

Ashe duk shekarun nan ba fuskarta yake ganewa ba, ba muryarta ba. Motarsa yake ji, sai ya tuna wadda ke cikinta. Ta juya ta ga Yaya tsaye da kofin ruwa a hannu. Da Yaya ta rama ko da kalma ɗaya ce, da abin ya zo wa Auta da sauƙi. Sai kawai Yaya ta ajiye kofin, ta dafa mata kafaɗa ta wuce kicin. Kunya ta rufe Auta, ta tuna duk tsiyar da ta yi wa matar nan, ta ji ta tsani bakinta.

Da safe ta koma gareji. "Malam, ka mayar mini da ita yadda take."

Sarkin Noti ya ajiye sifana. "Haba Malama! Shekara arba'in ina gyara, ba a taɓa kawo mini aikin ɓatawa ba."

Ta gaya masa dalili. Dattijon ya cire hularsa ya sosa kai, sannan ya nufi tulin shara. Mai kwashe ƙarafa ya riga shi, an share wurin tas. Ya ɗauko zarto ya tsaga bututun da ya gyara da hannunsa, ya samo wani gwangwanin ya naɗe, ya ɗaure da waya. Motar ta yi fito. Ya sassauta, ta yi huci. Ya ƙara tsagar, ta koma ɓaɓatu irin na babur. Har azahar suna abu ɗaya.

"Malama, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Waccan ƙarar tsatsa ce ta yi ta a hankali, da hannun mahaifinki. Ni ban iya ba."

Duk da haka ta gwada. Ta shawo kwanar kantin magani a hankali, ta wuce gidan, ta zagayo, ta sake zagayowa, har maƙwabta suka fara leƙe. Labulen tagar bai motsa ba. Daga baya ta mayar da motar aka sake liƙe bututun, don hayaƙin ba abin shaƙa ba ne.

Ba ta daina zuwa ba. Yanzu ma ta fi zuwa, kuma ita ke canja zanen gado, Yaya ta samu ta ɗan miƙe ƙafa. Baba ya saba da ita, yana kiranta malamar asibiti, yana yabon hankalinta. Wata yamma tana yanke masa farce, ya juya daga tagar ya rage murya, kada Yaya ta ji.

"Malama, ina da wata 'ya, ita ce ƙaramarsu. Da kullum sai ta zo. Yanzu ta ɗauke ƙafa, ban san abin da na yi mata ba."

Auta ta riƙe yatsansa, ta kasa ɗaga kai. "Ba ka yi mata komai ba, Baba."

"Ke dai kina yawo cikin gari. In kin gan ta, ki ce mata in laifi na yi ta yafe mini, ta zo in gan ta."

"To, Baba," in ji Auta. "Zan gaya mata."