Kwalbar Abla Suraya

…ɗigo na sha ɗaya ke nan. Ustaz Ramzi yana murɗa madubin duba ƙananan halittu, ido ɗaya a runtse. Fari fat. Babu mai motsi.

Kwalbar zaitun ce fa kawai. Koren ruwa, karan alkama uku, da warin da ke sa kyanwar maƙwabta ta sake hanya. Shekara goma sha tara tana kan tagar kicin — tun ranar da matarsa Suraya, Abla a bakin ɗalibai, wato malama, malamar kimiyya guda, ta tattare riga ta shiga magudanar bayan makarantar Sinnuris ta ƙasar Masar, manoma sun saki baki, ta ɗebo ruwan da ƙananan halittun cikinsa. Magudanar an rufe ta da kankare, ta'amiyya, ƙosan Masar, ake soyawa a kai. Suraya kuma… shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Duk Juma'a ƙwayar alkama ɗaya dafaffiya, kamar yadda ta saba ba su. Bai taɓa fashi ba.

Sai Nagiyya, ƙanwarsa. Wankin jajibirin Salla — a garin nan ko tunani mutum ya ajiye a kan tebur sai an dirje shi da sabulu. "Yaya, ruɓaɓɓen ruwa kake tattali kamar gadon kaka? Na wanke maka ita har tana ƙyalli. Ka ce an gode mana." Ya ce an gode. Me zai ce? Karan nan uku ya tsinto a kwandon shara, cikin ɓawon albasa, ya jiƙa a kofin shayi kwana biyar. Wasu halittun kan dunƙule a jikin kara su yi likimo in ruwa ya ƙafe. Wasu. Ba duka ba.

Na sha biyu. Zaren kara… kumfa…

Da tafiyarsu Suraya take raba su a allo, alli har a gashin girarta. Amiba mai miƙa jiki ya zama ƙafa, in ta ga dama gobe ta isa. Faramisiyam, silifa mai gashi, kullum sauri kamar an aike shi. Yugilina mai bulala guda — a kan wannan ne suka yi shekara bakwai suna musu. Koriya ce, da hasken rana take girki: tsiro, in ji shi. "Tsiro mai iyo, Ustaz? Ka taɓa ganin ganyen mulukiyya ya tsere daga tukunyar miya?" Dabba, in ji ta. Har shugaban makaranta ya raba musu ɗakin shan shayi, aka ce muryoyinsu ne suka tsaga agogon bango. Ƙarshe littafin ma'aikatar ilimi ya ce ba dabba ba ne, ba tsiro ba, ba naman kaza ba: masarautarsu daban. Babu wanda ya ci. To sai suka yi aure — me ya rage?

Yanzu kuma wai masarautar ma ba dangi ɗaya ba ne. Tarkacen da aka rasa inda za a sa, aka zuba a aljihun tebur guda. Da kina nan da kin yi dariya har da riƙe ciki… Shi fa, a ina za a sa shi? Ba miji ba, ba malami ba tunda ya yi ritaya, ba mamaci ba tukuna.

Na sha uku. Gilashin ya ɗan goce.

Ba sa mutuwa irin tamu, Suraya, ke kika faɗa wa 'yan aji biyu. Rabewa suke, ɗaya ya zama biyu, babu gawa, babu zaman makoki. Ke nan waɗanda ya gaisar waccan Juma'ar su ne dai waɗanda suka taɓa tafin hannunki. Su ɗin dai. Wa kuma ya rage a duniya da…

Tsaya. Ga wani abu can! Siriri, garai-garai, yana lilo zuwa hagu. Yana binsa, yana zillewa, yana binsa — wanne ne, mai bulalar? Ya ɗago kai don ya laluba alƙalami, sai ga shi a farin bango, yana iyo abinsa. A kan labule. A bayan hannunsa.

A idonsa yake, ba a ruwan ba. Tsufa ne.

Daga kicin Nagiyya tana tambaya ko ya gama da kofin nan. Abin da ya rage a gindinsa bai fi ɗigo ɗaya ba. Ya miƙa hannu… ya janye. Muddin bai duba ba, ai suna ciki.