Taragon da Ba Doki

Sufeton kamfanin tarago ya ɗora hannun Malachy Hession a kan sandar ƙarfe, ya ce, "Wannan ta tafiya ce, waccan ta birki. Ko jakin ƙauyenku zai iya."

Malachy ya haɗiye maganar. Shekara ashirin da uku ke nan yana tsaye a gaban taragon da dawakai ke ja a titunan Boston, tun saukowarsa daga Ireland, har sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu. Yanzu kamfani ya ja wayar lantarki a sama don ta maye gurbin dawakan, kuma duk direban da ya faɗi gwajin yau, to ya kama gabansa. A gida matarsa Honora na kwance da tari, ga baki shida na jiran burodi.

Da farko abin ya tafi lafiya, sai dai idonsa ya rasa inda zai sauka. Ya saba kallon kunnuwan doki, su ke gaya masa abin da ke tafe tun bai gani ba. Yau ba komai a gabansa sai titi yana ta rugowa.

A gangaren kasuwar kifi wata tsohuwa ta shigo layin taragon da kwandon kifi. Malachy ya saki sandar. Ya damƙi iska da hannu biyu kamar linzami, ya ja baya da iyakar ƙarfinsa, yana cewa kamar da goɗiyarsa yake, "Tsaya, yarinyata, tsaya." Taragon ko gezau.

Sufeton ne ya banke shi ya danne birki. Tsohuwar ta faɗi, kifi ya watse, ta miƙe da ƙyar tana tsine musu.

Wani mai sayar da kifi ya ɗaga murya da sunan tsokanar da ake kiran mutanen Ireland: "Paddy, ba ka ba ta hatsi da safe ba ne?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kunya ta rufe Malachy, bai taɓa jin ya tsufa kamar lokacin ba.

A tasha sufeton ya miƙo hannu a ba shi lambar aiki. Malachy ya cire hula ya ƙasƙantar da kai, abin da ya rantse ba zai ƙara yi wa kowa ba tun barinsa garinsu Galway.

"Yallaɓai, ba sai tuƙi ba. Ko kashin dawakan nan ne a kan layi, zan kwashe. Ina da shebur nawa."

Wannan karon sufeton bai yi izgili ba. A hankali ya ce, "Waɗanne dawakan, Hession?"