Hayaniyar Tsakanin Tashoshi

Tun da idon Baba ya tafi, kama tasha a rediyo ne kaɗai abin da ya rage yana yi da kansa. Abinci sai an kama hannunsa an nuna masa bakin kwano, fita sai da ɗan rakiya, amma tsohon rediyonsa mai allura bai taɓa sa shi kiran kowa ba. Da rediyon ya mutu, masu gyara suka ce an daina yin kayansa, sai Baba ya koma zama a kujerarsa ta bakin taga, hannuwa a kan cinya, ba um ba um-um. Na sayo masa sabo mai ƙananan maɓallai birjik. Ya shafa shi sau ɗaya, ya sa mini albarka, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Ƙanwata Auta ce ta ce a bar mata. Aikinta gyaran na'urorin asibiti, amma ranar hutu teburin cin abincinmu take mamayewa da wayoyi da dalma, tana haɗa rediyo don sha'awa. Irin nata ba komai a cikinsa sai ɗan allo kore da bai kai tafin hannu ba. Eriya ta kamo abin da ke iska, allon ya mayar da shi lambobi, sauran aikin kuwa, daga zaɓen tasha har tace murya, wata manhaja ce da ke zaune a ƙwaƙwalwar allon take yi. Masu son abin ne suka rubuta ta suka sake ta kyauta, Auta ta ɗauko tana yi mata gyare-gyare. Ni malamin tarihi ne. Iyakar sanina game da wayar wuta shi ne kar a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu.

Ta yi wa rediyon akwati na katako, ta sa masa abin murɗawa guda ɗaya ƙato, mai cika hannu, da ɗan gilashi mai nuna lambar tasha. Ranar da ta kunna wa Baba, muryar mai labarai ta fito tar, sai ka ce yana zaune a ɗakin. Baba ya yi ta sa albarka. Ba a jima ba muka ga rediyon ajiye a bakin taga a kashe, shi kuma ya koma zamansa na da.

"Baba, bai yi maka ba ne?" in ji Auta.

"Ya yi mana, 'yar albarka. Ɗaukewa kawai yake ɗan yi."

"Ɗaukewa kamar yaya?"

"Irin dai ta ɗaukewa. Kar ki wahalar da kanki."

Baba mutum ne mai kara, ko gishiri aka manta a miya cewa zai yi likita ma ya hana shi. Auta kuwa in ta ji kalmar matsala, to ta samu abin yi. Ta canza batir. Ta bi kowane ɗigon dalma da gilashin ƙara girma. Ta shanya rediyon a rana ko zafi ne ke sa shi suma, har sai da na tambaye ta ko wanki ta yi masa. A hannunta ko sau ɗaya bai ɗauke ba. Daga nan ta jona shi da kwamfutarta, ta sa manhajar ta riƙa faɗa mata duk abin da take yi, ta zauna tana murɗawa da sauri da kuma a hankali, idonta a kan rubutun da ke gangarowa.

Ni da na gwada abu sau biyu bai yi ba, sai in ce ƙaddara ce. Ita kuwa ba ta taɓa canza abu biyu a lokaci guda, don ta san wanne ne ya yi aiki, kuma ban ji ta zagi na'urar ba ko da wasa. Har ga Allah tana burge ni, ko da yake ban faɗa mata ba, kar kanta ya kumbura.

Wata Asabar da hantsi ta ƙwala mini kira. "Yaya, zo ka ga shirme! In aka murɗa da sauri, manhajar sai ta tsaya sake zana lambar nan a kowane motsi, sauti ya yi ta jiranta yana yankewa. Tana ɓata lokaci tana yi wa wanda ba ya gani rubutu."

Ta gyara wannan, ta loda sabuwar manhajar, ta kai wa Baba tana ta fara'a. Ya karɓa, ya yi godiya. Kafin la'asar rediyon ya koma bakin taga.

Na ga jikinta ya yi sanyi, sai na kawo shawara irin tawa. Na ce a saita masa tashar da ya fi so, a liƙe abin murɗawar da salatif, kowa ya huta.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wato mu mayar da shi mai jiran a kunna masa ke nan? Yaya, ka tsaya a tarihinka."

Ta ja kujera ta zauna kusa da Baba, ta roƙe shi ya gwada a gabanta. Ya ɗora hannu, ya murɗa kaɗan, muryar da ke magana ta ɓace, ɗakin ya yi tsit. Ya ƙara murɗawa, tsit. Ya dawo baya, tsit. Sai yatsunsa suka tsaya. Auta ta leƙa gilashin, lambobi na nan daram, komai lafiya lau. Ta zuba wa hannun nasa ido. Can sai ta jawo ɗankwalinta ta ɗaure idonta da shi, ta karɓi rediyon ta ɗora a cinya, ta fara murɗawa.

"Yaya, a kunne yake kuwa?"

"Ga lambobi nan suna tafiya."

"Wace tasha na wuce?"

"Ba ki zo ko ɗaya ba tukuna."

Ta kwance ɗankwalin a hankali. "Ni ce," ta ce. "Ba ɗaukewa yake ba, ni na sa shi yin shiru."

Sai na tuna, tun farko ta rubuta wani sashe na manhajar da hannunta, wanda ke kashe hayaniyar nan ta shuuu da ake ji tsakanin tasha da tasha, don kar ta dami kunnen Baba. Mai ido yana ganin lamba ya san inda yake. Baba kuwa da hayaniyar yake gane hanya.

"Ai ba iri ɗaya ba ce," in ji Baba, ya ɗan gyara zama. "Akwai inda take kamar ruwa a kan kwano, akwai inda take fito. In ka ji ta fara laushi, to tasha na kusa, sai ka rage hannu."

"To, Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ji kina ba yayanki labarin irin wuyar da kika sha kafin ki kashe ta. Ta yaya zan ce ki dawo da ita?"

Auta ta sunkuyar da kai. 

Na zaci goge sashen kawai za ta yi, a wuce wurin. Ina! Ta ɗauko kwamfutar ta dawo da ita ɗakin Baba, ta ce shi ne mai duba aiki. Ta buɗe hayaniyar, ta loda, ta miƙa masa. Ya ce ta yi kaifi, tana soka kunne. Ta rage mata tsini, ta sake lodawa. Ya ce yanzu ta yi, amma rediyon tsalle yake yi kamar mai hawa matakala, alhali tsohon nasa zamewa yake. Ta yi ɗan tunani, ta sa manhajar ta riƙa lura da saurin hannu: in an murɗa da ƙarfi ta yi nisa, in an lallaɓa ta matsa ɗan mitsitsi. Ya ce in ya kai ƙarshen zangon tashoshi ba ya sani. Ta sa masa ɗan sauti mai cewa ƙit a can. Mutumin da ya yi watanni ba ya haɗa jimla uku, sai ga shi yana ba da umarni har da ɗaga yatsa.

Na ce, "Auta, duk ilimin nan naki, ƙarshensa dai hayaniya kika ƙera."

"Wannan hayaniyar aunanniya ce," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Rana ta fara sanyi lokacin da ta cire wayar kwamfutar, ta ɗora masa rediyon a cinya. Baba ya murɗa. Shuuu ta cika ɗakin, ta yi fito, ta yi ƙasa, wani kiɗa ya leƙo ya wuce. Can wata murya ta taso daga nesa, rabinta a nutse cikin ƙara, ta sake ɓacewa. Na ga kamar ya zarce ta, sai na miƙa hannu in dawo masa da ita.

Ya buge mini hannu, da ƙarfinsa kuwa.

"Cire hannunka, malam. Na san inda nake."

Ya koma baya kaɗan, ya matsa gaba kaɗan, ya sake lallaɓawa baya, muryar ta fito sarai. Ya jingina da kujera, yatsunsa na kan abin murɗawar.

"In za ku fita, ku ja mini ƙofar."

Muka fito. Auta ta jingina da bango, kwamfutar rungume a ƙirjinta, hawaye na zuba tana dariya. Ta bayan ƙofar muka ji ya saurari tashar na ɗan lokaci, sannan ya bar ta ya tafi neman wata.