Baƙuwar da Ba Ta Amsa Gaisuwa

Ƙungiyar da ke koya mana kitso ta ba kowaccenmu kan roba mai gashi, mu riƙa gwaji a gida. Na yi wa nawa kitso, na ɗora shi bisa matasan kujera, na yafa masa mayafi.

Sai ga surukata, wadda kullum take cewa kitso ba abin zuwa makaranta ba ne, ta shigo ba tabarau. Ta gaishe shi, ta sake gaishe shi, shiru.

"Wace marar tarbiyya ce wannan?"

"Inna, kan roba ne."

Ta matsa, ta daɗe tana shafa kitson. Sannan ta zauna gabana, ta tuɓe ɗankwali.

"To, ni ina amsa gaisuwa. Fara."