Yaronku Ya Ci

Duk unguwar Shango ta Minna an san Haula 'yar Malam Garuba tela da abu biyu, karatu da taurin kai. Tun da ta gama kwalejin ilimi ta dawo gida, ba a ƙara yanke wata magana a gidan ba sai ta tsoma baki. Uban har ya daina kiran sunanta, Malama yake ce mata, rabi yabo rabi gatse.

Ƙannenta biyu ne suka gama firamare tare a shekarar, Taufiq da Yasmin. Taufiq ne babba, amma ƙwallo ta sa ya tsaya ya jira ƙanwar a aji huɗu. Malam Garuba ya ce shi za a nema wa makarantar coci mai zaman kanta da ke bayan unguwarsu, wadda ake ta yabon karatunta. Yasmin kuwa ta gwamnati ta ishe ta.

"Me ya sa, Baba?" in ji Haula.

"Saboda namiji ne. In suka ja shi wajen waƙoƙinsu, zai iya cijewa. Mace kuwa zuciyarta taushi gare ta."

"Ni ma mace ce, Baba."

Ya ɗago daga kan keken ɗinki ya dube ta ta saman tabarau. "Ke ai kuskure aka yi."

Ba ta bar maganar ba. Ta kawo ta da safe, ta kawo ta lokacin tuwo, ta bi shi da ita har shago, sai da ya gaji ya ce ta je ta rubuta sunan Yasmin ɗin, yarinyar ta zauna jarrabawar shiga, ko ba komai ta ga yadda ake yi. A ransa ya riga ya san wanda zai ci.

Daga nan Haula ta ɗaura ɗamara. Kullum bayan la'asar sai ta zaunar da su a bayan shagon, ta ɗauki guntun allin da uban ke zana yadi da shi, ta cika bango da lissafi. Taufiq kan yi hamma ya ce cikinsa na ciwo, can sai a hango shi a filin ƙwallo yana tsaron gida. Yasmin kuwa takan zauna cikin zafin nan na Minna, gumi na bin wuyanta, tana raba lambobi har a kira magariba. Matan layin suna wucewa suna cewa, "Malama, har yanzu ba a zama farfesa ba?" Haula ta ce musu saura kaɗan, su tanadi anko.

Ranar jarrabawa suka tarar da yara cike da harabar makarantar, gurbi kuwa kaɗan ne. Aka yi, aka watse, aka ce za a kira waɗanda suka yi nasara.

Wata Alhamis da hantsi wayar Malam Garuba ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙe tsaye, ya ce "Na'am, na'am, madalla," sannan ya shigo gida yana washe baki.

"Mista Josiah ne mai ɗaukar ɗalibai. Ya ce, yaronku ɗaya ya ci, ku kawo shi ranar Litinin."

"Yasmin fa?"

"Malama, ɗaya ya ce. Kuma yaro ya ce. Ko Hausar ma sai na rubuta miki a bango?"

Yasmin ta shige ɗaki. Taufiq ya tsaya baki buɗe, don shi kansa ya san abin da ya rubuta a takardar nan. Uban ya dafa kansa ya ce dama jini ba ya ƙarya, kakansu da ya zo garin nan da aikin jirgin ƙasa haka yake, ba a ganin yana karatu sai dai a ga ya iya. A ranar ya ajiye ɗinkin mutane ya yanka wa Taufiq wando ruwan toka da farar riga.

Kwanakin da suka biyo baya Haula ta sha su. Duk wanda ya shigo yi wa Taufiq barka sai ya waiwayo ya tambaye ta ina ɗalibarta. Uban kan wuce ta gaban bangon lissafin ya yi gyaran murya. Ta haɗiye, ta ci gaba da ɗaga kai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Yasmin, wadda ta jiƙa tsumma ta fara goge bangon da kanta. Haula ta ƙwace tsumman.

"Bar shi. Kuma ranar Litinin da ke za mu tafi."

"In yi me, Yaya?"

"Ki raka ɗan'uwanki da kanki a sama. Ba a ɓuya a ɗaki don an faɗi jarrabawa."

Litinin da safe suka shiga adaidaita su huɗu. Taufiq na ta sosa wuya cikin sabuwar riga, fuskarsa kamar wanda za a kai asibiti. Da suka isa, ɗalibai na jere a fili suna rera waƙar safe. Yasmin ta ce za ta jira a gindin mangwaron da ke bakin ofis.

Mista Josiah dattijon Bagwari ne mai fara'a, ya taso ya tarbi Malam Garuba da hannu biyu. Sannan ya juyo ga Haula, wadda ta sha mayafi da janbaki, ya ce, "Sannu Malama. Kai ne yayansa?"

Haula ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Kai. Ita ce kai. Haihuwar Minna ce ita, ta san rabin garin haka suke Hausarsu, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsu. Mai tallan doya a kasuwa kan ce mata "zo ka saya" kullum, ba ta taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Nan take ta tuno da "yaronku ɗaya ya ci."

Malam Garuba ya tura Taufiq gaba. "Ga shi nan, Mista. Ga gwanin namu."

Mista Josiah ya dubi yaron sama da ƙasa. "A'a, Baba. Ba wannan ba. Dayan. Karamin."

"Wane ƙaramin? Shi kaɗai ne ɗana namiji."

"Wanda ya sa dankwali ranar jarrabawa. Yasmin. Kai, wannan yaro ya iya lissafi! Madam shugaba ma ya ce a kawo shi ya gan shi."

Taufiq ya saki ajiyar zuciya mai ƙarfi, ya ce, "Alhamdu lillahi!" Uban ya harare shi. Yaron ya sunkuyar da kai, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

"Mista," in ji Malam Garuba, "ka ce mini yaro."

"Eh, yaro mana. Ko babba ne?"

Haula ta toshe baki da mayafi. Amma da ta dubi uban sai dariyar ta koma. Ya cire hularsa, yana juya ta a hannu. Daga fili ana jin amon waƙar coci.

"Mace ce fa," ya ce a hankali. "A nan wurin."

"Baba, muna da yaran musulmi da yawa," in ji Mista Josiah. "Zai sa hijabinsa mai kalar makaranta. Lokacin salla akwai wurinsu. Ba mai taba addininsa."

Malam Garuba ya ce zai je ya yi shawara. Haula ta san wannan shawarar, ba ta da ranar ƙarewa. Ta matsa kusa da shi, ta rage murya.

"Baba, ikonka ne. In ka ce a'a, a'a ne. Amma ga ta can a gindin mangwaro. Kai za ka je ka gaya mata ta ci kuma ba za ta shiga ba. Ni bakina ba zai iya ba."

Ya leƙa ta taga. Yasmin na tsugune, ta ɗauki tsinke tana rubuta wani abu a ƙasa, ba ta san abin da ake ciki ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya mayar da hular kansa, ya juyo.

"To, Mista, ku riƙe shi."

"Shi wa, Baba?" in ji Haula.

"Ke, rufe mini baki. Da Hausarsa nake masa magana don kada a sake samun matsala." Ya nuna Mista Josiah da yatsa. "Amma ka ji, lissafi da Turanci na kawo ta ku koya mata. Ranar da ta dawo gida ta ce wa uwarta kai, da ƙafata zan zo in cire ta."

Mista Josiah ya yi dariya har da buga tebur. "Ba zai fada ba, Baba. In ya fada, ka kawo shi wurina."

Haula ba ta jira sauran ba. Ta fita bakin ƙofa, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda har masu waƙa sai da suka waiwayo.

"Yasmin! Karkaɗe hannunki ki taso. Madam shugaba na son ganinki."